Abin da Ba a Zuba a Rumbu Ba, Ba a Ɗibarsa: Taswirar Kwamfuta da Gonakin Arewacin Kano

Gabatarwa

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Wannan magana gaskiya ce muddin wanda aka tambaya ya san hanya, shi kuma mai tambayar ya san inda ya dosa. A wannan zamani an sami wani sabon abin tambaya wanda ba mutum ba, wato rumbun bayanan ƙasa da ake ajiyewa a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Hukumomin gwamnati da ƙungiyoyin agaji da masu bincike a jami'o'i sukan tambaye shi kafin su yanke shawarar inda za a haƙa rijiyar burtsatse, ko inda za a dasa itatuwa, ko inda za a kai takin zamani. Amsar da ya bayar kan koma kuɗi da ayyuka a wani ƙauye, ta kuma koma rashi a wani.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan rumbu ba ya bayar da amsa sai a kan abin da aka zuba masa, kuma da irin kalmomin da aka zuba shi. Saboda haka ya wajaba ɗalibai da malaman makarantun sakandare na karkarar arewacin Kano su koyi yi masa tambaya, su kuma sa hannu wajen cika shi da abin da manoman yankinsu suka sani. In ba haka ba, wasu ne za su ci gaba da siffanta gonakin Gezawa da Minjibir da Ɗambatta daga nesa, a kuma zartar da hukunci bisa wannan siffantawa.

Mene ne rumbun bayanan ƙasa?

Taswirar takarda tana nuna wuri ne kawai: ga hanya, ga kogi, ga gari. Tsarin da masana ke taƙaita sunansa da GIS ya ƙara wani abu a kan haka. Kowane abu da aka zana a taswira, ko gona ce ko rijiya ko bishiya, an ɗaura masa jadawalin siffofinsa. A cikin jadawalin, kowane layin kwance yana wakiltar abu guda, alal misali gona ɗaya. Kowane layin tsaye kuma yana ɗauke da siffa guda: faɗin gonar, irin ƙasarta, abin da aka shuka, yawan itatuwan da ke cikinta, da ranar da aka ɗauki bayanin.

Tunanin haɗa wuri da siffa ya girmi kwamfuta. A shekarar 1854 wani likita mai suna John Snow ya zana gidajen da cutar kwalara ta yi kisa a wata unguwa ta birnin Landan, sai ya ga sun taru a kewayen famfon ruwa guda. A cikin shekarun 1960 kuma Roger Tomlinson ya jagoranci kafa tsarin farko na kwamfuta mai irin wannan aiki a ƙasar Kanada, domin ƙididdige filayen noma da dazuzzuka. Daga 1972, shekarar da aka harba tauraron ɗan'adam na Landsat na farko, hotunan sararin samaniya suka zama babbar hanyar cika irin waɗannan rumbuna. Nijeriya ma ta harba nata tauraron, NigeriaSat-1, a 2003.

Yadda ake yin tambaya

Duk malamin da ya taɓa riƙe rajistar aji ya san wannan aiki ko da bai san sunansa ba. Idan shugaban makaranta ya ce a kawo masa sunayen ɗalibai mata da suka ci maki sama da 60 a lissafi, malamin zai bi layi-layi, ya duba gurbin jinsi, ya duba gurbin maki, ya tsame waɗanda suka cika sharuɗɗan biyu. Wannan shi ne tambaya ta hanyar siffa. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne sauri, da kuma cewa duk layin da ta tsame sai ta haskaka wurinsa a kan taswira.

Ƙananan kalmomi uku ne ke riƙe da ragamar wannan aiki: "da", "ko", "ban da". Idan aka ce a nuno gonakin da ƙasarsu jigawa ce *da* kuma ƙuduji ya kama su, amsar za ta ƙuntata, domin dole gona ta cika sharuɗɗan duka biyu. Idan aka ce jigawa *ko* masu ƙuduji, amsar za ta faɗaɗa, domin sharaɗi ɗaya ya isa. Idan aka ce *ban da* waɗanda aka zuba wa takin gargajiya, an fitar da wani rukuni gaba ɗaya. Masanin lissafi George Boole ne ya tsara ƙa'idojin wannan salon tunani a tsakiyar ƙarni na 19, kuma a kansu aka gina harshen SQL da ake yi wa rumbunan bayanai magana da shi tun daga shekarun 1970.

Akwai kuma tambaya ta hanyar wuri, kamar a ce a nuno duk gonakin da ba su wuce kilomita 2 daga madatsar ruwa ta Tomas ba. Idan aka gwama nau'o'in biyu sai a sami tambaya mai ƙarfi ainun: waɗanne gonakin fadama ne ke kusa da kogin Jakara, waɗanda ake noman ganye a cikinsu da rani? Wannan tambaya ce mai nauyi, domin Jakara na kwaso ruwan ƙazantar birnin Kano, rafin Getsi kuma na ƙara masa da ruwan masana'antun Bompai, kafin ya zuba a madatsar Wasai da ke Minjibir.

To amma a nan ne gizo ke saƙa. Malamin aji ba zai iya tsamo ɗaliban da ke zuwa makaranta ba su karya kumallo ba, domin rajista ba ta da gurbin wannan. Haka ita ma kwamfuta. Siffar da ba a yi mata layi ba, babu dabarar da za ta fito da ita.

Ƙasar da ake magana a kanta

Karkarar da ta kewaye birnin Kano, musamman daga Ungogo da Dawakin Tofa zuwa Bici, da Minjibir, da Gezawa, da Gabasawa, tana daga cikin yankunan noma mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. A 1965 Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya wallafa bincike tare da J. Wilson a kan ƙasa da mutanen wannan yanki. Sun tarar da cewa kusan kowace gona ana noma ta duk shekara ba a barinta ta huta, amma ba ta mutu ba.

A cikin shekarun 1990 Frances Harris ta bi diddigin dalilin haka a ƙauyen Tumbau na ƙaramar hukumar Gezawa. Manomi yana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda. Wake da gyaɗa suna da ƙwayoyin halitta a saiwoyinsu masu kamo sinadarin naitirojin daga iska. Bayan girbi ana tattara harawa a ciyar da tumaki da awaki da ke ɗaure a gida, kashinsu ya zama taki, a ɗora shi a mangala a mayar gona. Ƙurar hunturu ma tana sauke nata rabon na sinadarai. Wannan zagaye shi ne ya riƙe albarkar ƙasar duk da yawan bakunan da take ciyarwa.

Abin lura shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da tauraron ɗan'adam ke gani. Ba ya ƙirga mangalar taki, ba ya ganin akuyar da ke ɗaure a turke. Idan rumbun bayanai daga sama kaɗai aka cika shi, to ainihin abin da ke raya gonakin Tumbau ba ya cikinsa.

Itatuwan da rumbu bai gani ba

Babban misali shi ne batun itatuwa. Bayan farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, ra'ayin da ya yaɗu a duniya shi ne cewa yawan jama'a da neman itacen girki za su share itatuwan da ke kewaye da manyan biranen Sahel, hamada kuma ta biyo baya. Sai wasu malaman Jami'ar Bayero, cikinsu har da Mortimore da J. A. Falola da Reginald Cline-Cole da Janet Nichol, suka shiga gonaki suka ƙirga, suka kuma gwada hotunan jirgin sama na shekaru daban-daban. Littafinsu a kan itacen girki a Kano, wanda Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 1990, ya nuna cewa manoman yankin ba su bar itatuwan gonakinsu sun ƙare ba, kuma kaso mai yawa na itacen birni daga nesa motoci ke kawo shi. Manomi ya ɗauki bishiya a matsayin dukiya, yana sassabe rassanta yana barin gindinta.

Ta yaya masana da yawa suka kasa ganin wannan? Wani ɓangare na amsar yana cikin ma'anar kalma. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana kiran wuri daji ne idan ya wuce rabin hekta, itatuwansa sun haura mita 5, inuwarsu ta rufe sama da kashi 10 cikin 100 na filin, kuma ba filin noma ba ne. Bisa wannan ma'ana, wanda ya tambayi rumbu ya nuna masa daji a Gezawa zai ga taswira fayau. Kwamfutar ba ta yi ƙarya ba. Tambayar ce ba ta dace da ƙasar ba, domin kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo na wannan yanki a tsakiyar gero suke tsaye, a layin da aka yi wa laƙabi da "gona".

Irin wannan makanta ta faru a maƙwabta. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, manoma sun yi shekaru tun daga tsakiyar shekarun 1980 suna renon tohon itatuwa a gonakinsu. Da masu bincike suka zo suka auna da hotunan sama da kuma tafiya da ƙafa, sai suka ƙiyasta cewa abin ya shafi kusan hekta miliyan 5. A 2020 kuma wasu masana ƙarƙashin jagorancin Martin Brandt suka yi amfani da hotuna masu tsananin kaifi suka ƙirga itatuwa sama da biliyan 1.8 a wani sashe na yammacin Sahara da Sahel, wurin da yawancin taswirorin daji ke nunawa tamkar babu komai. Itatuwan sun daɗe a tsaye. Gurbin rubuta su ne ba a tanada ba.

Siffofi huɗu da kan ɓata amsa

Na farko shi ne jinsin bishiya. Binciken da Muhammad Usman da Janet Nichol suka wallafa a 2018 ya nuna cewa yawan itatuwan gona a kewayen Kano ya ƙaru. Amma kaso mai tsoka na ƙaruwar darbejiya ce, baƙuwar bishiya da asalinta yankin Indiya ne, yayin da wasu itatuwan gida ke ja da baya. Jadawalin da ke da gurbin "yawan itatuwa" kaɗai zai yi bushara. Wanda ke da gurbin "jinsi" zai yi gargaɗi, domin darbejiya ba ta ba da kalwar daddawa, ba ta ba da miyar kuka, ba ta kuma yi wa ƙasa abin da gawo ke yi mata.

Na biyu shi ne lokaci. Gawo yana da ɗabi'ar da ta saɓa wa sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, ya yi sabo da rani. Hoton da aka ɗauka a watan Agusta zai nuna gona kore shar, gawo kuwa ya ɓuya. Hoton watan Maris zai nuna gawo sarai, amma gonar da ke ƙarƙashinsa ta yi fari fat, har baƙo ya ɗauka ƙasar ta lalace, alhali girbe ta aka yi aka kwashe kara. Duk bayanin da ba shi da kwanan wata, abin tuhuma ne.

Na uku shi ne kaifin hoto. Kowane ɗigo a hoton Landsat yana wakiltar fili mai mita 30 tsawo da 30 faɗi, wato murabba'in mita 900. Gonar rabin hekta, mai murabba'in mita 5,000, ba ta kai ɗigo 6 ba. Tauraron Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, ɗigonsa mita 10 ne, don haka wannan gona za ta sami ɗigo 50. An ci gaba, amma har yanzu idan jadawali ya tanadi amfanin gona guda ɗaya tak ga kowace gona, me za a rubuta wa wadda ke ɗauke da gero da dawa da wake a kunya ɗaya?

Na huɗu shi ne gurbin da aka bari babu komai. Sifiri daban, rashin sani daban. Idan gurbin ƙuduji na wani ƙauye a Kunci ko Tsanyawa ya zauna wayam saboda babu wanda ya je ya duba, tambayar da ta ce a nuno inda ƙuduji ya yi yawa za ta tsallake ƙauyen. Ƙuduji kuwa, wanda wasu ke kira wuta-wuta, tsiro ne mai manne wa saiwar dawa da gero yana tsotse su, ƙwaya ɗaya na iya zubar da iri dubbai, irin kuma na iya shafe sama da shekara 10 a ƙasa yana jira. Ƙauyen da aka tsallake bana zai daɗe yana biyan bashin wannan tsallake.

Abin da masu suka ke cewa

Wasu za su ce makarantar da ba ta da wutar lantarki ko isassun kujeru, ina ta ga ta taswirar kwamfuta? Wannan ƙorafi yana da tushe, amma ya ɗora wahalar a inda ba ta. Hotunan Landsat sun zama kyauta tun 2008, na Sentinel-2 ma kyauta ne, manhajar QGIS ba a sayenta, kuma wayoyin hannu na zamani suna nuna lambobin wurin da mutum ke tsaye. Abu mai tsada shi ne bayanin da sai an taka ƙasa ake samunsa, shi kuwa littafin rubutu da fensir da igiyar awo sun wadatar da shi. Tambaya ta hanyar siffa ana iya koyar da ita a kan allo da alli.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Manomin Kano yana da dalilin ɗari-ɗari da mai auna gona. A farkon mulkin Turawa an riƙa aika malamai su auna gonaki da takun ƙafa domin yanka haraji, har tsarin ya sami suna daga wannan taku. A yau kuma birni na cin gonakin Ungogo da Dawakin Tofa, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba hukuma ikon karɓar fili don amfanin jama'a, diyya kuma a kan amfanin gona da abin da aka raya a filin ake biya. Rumbun da ya san iyakar kowace gona na iya zama makami a hannun mai ƙarfi.

Amsar wannan ba ƙauracewa ba ce. Ko mutanen ƙauye sun yarda ko ba su yarda ba, ana ɗaukar hoton gonakinsu daga sama kowane 'yan kwanaki. Abin da ya rage a hannunsu shi ne ko jadawalin zai ƙunshi gaskiyarsu. Burtalin da ba a rubuta ba, da sauƙi a nome shi, rigimar manomi da makiyayi ta biyo baya. Ɗorawar da ba a ƙirga ba, babu diyyarta. Sharaɗi kawai shi ne a nemi yardar mai gona da ta mai unguwa kafin a auna, a sa lamba a madadin sunan mai gona, a kuma bar kwafin bayanin a ƙauyen.

Aikin makarantu

Da ɗan gari akan ci gari. Manomi ba ya cewa "ƙasa" kawai. Yana bambanta jigawa da fadama, da dabaro mai tsagewa da rani, da jangargari, da ƙeƙuwa wadda ruwa ba ya ratsa ta da sauƙi. Kowane suna siffa ce da aka tace cikin ƙarnoni, kuma ya cancanci layinsa a jadawali kafaɗa da kafaɗa da sakamakon ɗakin gwaje-gwaje.

Malamin ilimin halittu da na labarin ƙasa da na aikin gona za su iya haɗa kai su zaɓi gonaki 20 ko 30 kusa da makaranta. Ɗalibai su rubuta faɗin kowace gona, da sunan ƙasarta a bakin mai ita, da dukkan abin da aka shuka, da jinsi da kaurin kowace bishiya, da mangalar takin da aka kai, da yawan ƙuduji, da kwanan wata. Daga nan su yi wa jadawalin tambayoyi: shin gonakin da ke da gawo sun fi ƙarancin ƙuduji? Shin taki ya fi zuwa gonakin da ke kusa da gida? Itatuwan gida nawa ne ƙanana masu tasowa, nawa ne tsofaffin da babu magajinsu? Su kuma koyi cewa haɗuwar siffofi biyu a gona ɗaya ba ta tabbatar da cewa ɗaya ce ta haifar da ɗayar. Idan aji na gaba ya maimaita aikin baɗi, a cikin shekara 10 makarantar za ta mallaki tarihin gonakin da babu tauraron da zai ba da irinsa.

Cibiyoyin da za su tallafa suna kusa. Akwai Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero da aka kafa a 2012, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta, da gonar gwaji ta cibiyar IITA a Minjibir, da hukumar KNARDA mai malaman gona. Ya kamata su tsara jadawali iri ɗaya cikin Hausa domin bayanin Makoɗa ya iya haɗuwa da na Gabasawa. Manyan shirye-shirye irin su Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, wadda Kano ke cikin jihohin da ta shafa, da shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a 2021, duk suna buƙatar sanin inda za su sa ƙarfinsu. Bayanin makarantu zai gyara musu saiti.

Kammalawa

An ga cewa tambayar rumbun bayanai ta hanyar siffa aiki ne mai sauƙin koyo, kuma mai nauyin sakamako. An ga kuma yadda ma'anar kalma guda ta ɓoye itatuwan yanki sukutum, har sai da masana suka sauka gona suka ƙirga. Saboda haka, duk ɗalibin da aka nuna wa taswira mai launin ja aka ce masa ƙasar garinsu ta lalace, ya dace ya yi tambayoyi huɗu kafin ya gaskata: wa ya tattara bayanin, a wane wata, da wace ma'ana, kuma waɗanne gurabe aka bari babu komai? Abin da aka shuka shi ake girba, kuma rumbun bayanai bai fita daga wannan ƙa'ida ba. 'Ya'yan manoman da suka riƙe wannan ƙasa da taki da harawa su ne suka fi cancanta su rubuta siffofinta.